Sabis ya tsaya a zaure: yadda waifai zai isa cikin gida a Tambuwal da Kebbe

Gidan gargajiya a Tambuwal ko Kebbe ƙaramar unguwa ce mai zaman kanta. Daga zaure a faɗa ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, a bi ta shigifa, sannan a iso tsakar gida: turakar maigida, ɗakin uwargida, na amarya, madafa, rumbu, turken awaki, can ƙurya kuma sashen ƙane da iyalinsa. Kowane ɗaki da bangonsa huɗu, kowane sashe da katangarsa. Magabata sun tsara shi haka da gangan, domin kada idon baƙo ya ga abin da ke ciki, kada kunnensa ya ji. To tsarin nan da ya daɗe yana tare ido da kunne, yau shi ne yake tare waifai.

Abin da ake yawan gani shi ne, maigida ya je Sakkwato ko Jega ya sayo rautar MTN ko ta Airtel, irin wadda ake sa wa layi, ya kawo ta gida ya ajiye a falo ko a zaure, kusa da talabijin, don nan ne soket yake. Shi da abokan hirarsa sun samu sabis cike da waya. Yaran maƙwabta da ke zaune a dakali su ma sun samu. Amma matar gida da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp sai ta fito bakin shigifa, ta ɗaga waya sama, kafin hoto ɗaya ya tafi. Bayan mako biyu ana ƙorafi, sai maigida ya koma kasuwa ya ce a ba shi "abin ƙara ƙarfi". Mai shago kuwa ba ya rasa abin miƙawa.

A nan ne kuɗi ke salwanta. Yawancin na'urorin da ake tallatawa don miƙa waifai zuwa ɗakuna masu nisa an ƙera su ne da tunanin gidajen Turai da Amurka, masu bangon katako da farin allo a ciki, masu rufi ɗaya, masu wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya saye su bai dubi fasalin gidansa ba, ya sayi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Gidan kudancin Sakkwato yana buƙatar a fara da mazaunin rauta, a bi da batun wuta, sayayya ta zo daga ƙarshe, in ma ta zo.

Wani zai ce wannan hira ce ta masu ƙoshi. Da can ƙila haka ne. Amma tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ba shi da hanyar rajista sai ta intanet. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tura har masu sayar da gero da shinkafa zuwa taransifa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, mutane sun ɗanɗana yadda ciniki da zumunci ke tsayawa cik idan waya ta mutu. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Tun daga nan lissafi ya sauya: gida mai wayoyi goma, kowa na sayen 'yar data ta kwana ɗaya, yana biyan kowace giga da tsada fiye da gidan da ya haɗa kuɗi ya sayi babban kaso na wata a rauta ɗaya. Sai dai wannan araha ba ta da amfani idan mutum uku kawai cikin goman ke cin moriyarta, kuma a gidajenmu an san su wa ake bari a baya: mata da 'yan mata, waɗanda su ne suka fi zama a gida, kuma ɗakunansu ne suka fi nisa da zaure. Gidan da sigina ta kai ɗakin uwargida ba ta kai na amarya ba kuwa, maigida ya sayo wa kansa shari'ar da ba alƙalin da zai raba.

Waifai rediyo ne, ba wani abu ba. Rauta tana watsa igiyoyinta a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na 5 ya fi gudu, amma ba ya jure bango; na 2.4 ya fi jinkiri da cunkoso, amma ya fi nisa da ratsa gini. Wannan kaɗai ya isa ya warware wa wasu gidaje matsala: wayar da ke ɗaki mai nisa a haɗa ta da na 2.4, a bar na 5 ga waɗanda ke kusa.

Maƙiyan wannan rediyo uku ne, kuma duka ukun suna cike da gidajen yankin. Na farko ƙarfe, wanda ke mayar da igiyar baya maimakon ya bar ta ta wuce: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, langa-langar da aka kewaye bayi ko madafa da ita, rodin da ke cikin dakin na siminti. Na biyu kauri. Bangon tubali na tsofaffin gidaje, irin waɗanda ake samu a cikin garin Tambuwal, garin da tarihinsa ke komawa ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kan kai rabin mita a gindi ko ya wuce, kuma igiyar da ta ratsa irin wannan bango biyu ba ta da sauran ƙarfin kirki. Na uku ruwa, don ruwa na shanye igiyoyin waifai. Tankin ruwa, randunan da aka jera a gindin bango, ganyen dogon yaro ko mangwaro mai duhu, har jikin mutane idan sun cika zaure, duk suna rage ta. Shi ya sa gidan ƙasa da sabis ke kaiwa ɗaki da rani zai iya rasa shi a watan Agusta, lokacin da bango ya sha ruwa. Ba kamfani ne ya rage ba. Damina ce.

Daga nan mafita ta farko ta fito da kanta, kuma kyauta ce. Gidan Bahaushe yana da abin da gidan Bature ba shi da shi: fili buɗaɗɗe a tsakiya, wanda kusan kowace ƙofa da taga ke kallo. Rautar da aka ɗaga sama, a ƙarƙashin baranda ko rumfa mai kallon tsakar gida, sama da tsayin mutum, igiyarta za ta bi iska ta shiga ta ƙofofi da tagogi, ba sai ta yi kokawa da bango ba. Wadda aka ajiye a ƙasa bayan talabijin, ko a cikin kabad don tsoron yara, ko a kan firji, an riga an kashe rabin aikinta. Masu eriya a tsayar da eriyar tsaye, don igiyar tana bazuwa ne ta gefe, ba ta tsini ba. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke nuna ƙarfin sigina da lamba: kusa da -50 lafiya lau, -70 ana maneji, -80 kuwa sai haƙuri. Yaro ɗaya mai wayo ya zagaya gida da waya, ɗaki ɗaki, a matsar da rauta, ya sake zagayawa. Aikin yamma ɗaya ne, kuma ya fi shawarar mai shago da bai taɓa ganin gidan ba.

Akwai sarƙaƙiya ɗaya da littattafan da ke zuwa cikin kwali ba sa faɗa. A manyan birane intanet kan shigo gida ta waya; a Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Kuchi ko Kebbe, ta iska take shigowa daga ƙarfen sabis. Ke nan rauta aiki biyu take yi: tana sauraron ƙarfen da ke nesa, tana kuma yi wa wayoyin gida magana. Wurin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba. A garin da ke kan babban titin Sakkwato zuwa Jega abin kan zo da sauƙi. A ƙauyukan da suka yi nisa da titi, musamman ta ɓangaren Kebbe da ke iyaka da Zamfara, inda mutum kan hau tudu kafin ya yi kira, sai an fara kamo sabis ɗin kansa. Nan eriyar waje ce ke aiki, a ɗaure a kan dogon bututu sama da rufin kwano, a juya ta tana fuskantar ƙarfen. Duk na'urar da za a saya bayan wannan raba abin da ya shigo kawai za ta yi. Babu wadda ke ƙara shi.

Idan an gyara mazauni amma wani sashe ya ƙi samu, to sai a zo kan rifita, wato 'yar na'urar da ake soka wa a soket ta karɓi waifai ta sake watsa shi. Ita ce aka fi saya, ita ce kuma aka fi zagi, kuma galibi ba laifinta ba ne. Mutane kan kai ta ɗakin da ba sabis su soka, suna jiran mu'ujiza. Aikinta irin na mai jiyarwa ne a sallar Idi: dole ya tsaya inda yake jin kabbarar liman sarai, sannan na baya su ji ta bakinsa, in ya koma sahun ƙarshe, shi ma bai ji ba balle ya jiyar. Mazauninta tsakiyar hanya ne, inda waya ke nuna sigina mai kyau, kamar a shigifa ko barandar da ke kallon sassan biyu. Ko an yi daidai, akwai farashi: rifita mai rediyo ɗaya ba ta iya saurare da magana lokaci guda, don haka gudun da ke isa bayanta kan ragu da kusan rabi. Ga mai aika saƙo da sauraron karatu wannan ba komai ba ne. Ga mai kiran bidiyo da ɗansa a Saudiyya, zai ji a jikinsa. Jera rifita biyu ko uku, wata na bin wata, ɓarnar kuɗi ce zalla. Kafin ma a saya, a duba tsohuwar rautar da aka jefar a akwati. Da yawansu suna da wannan aiki a cikin saitinsu.

Wanda ya fi rifita shi ne tsarin raga, wanda 'yan kasuwa ke kira mesh: na'urori biyu ko uku masu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, suna magana da junansu, waya na sauka daga wannan ta hau wancan ba tare da mai ita ya sani ba. Masu tsada a cikinsu suna ware rediyo na musamman don maganar da ke tsakaninsu, wanda ke rage asarar gudu. Abu ne mai kyau ga babban gida mai sassa, in dai kowace na ganin 'yar'uwarta ta tsakar gida ko ta taga. Amma bangon tubali bai san tsada ba. Yadda ya tare mai araha haka zai tare mai tsada.

Sai wadda ya kamata a yi wa mutane kashedi a kanta ƙarara. Akwai na'urori 'yan tagwaye da ke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida: a soka ɗaya kusa da rauta, ɗaya a ɗaki mai nisa. A Ingila ko Jamus dabara ce mai kyau. A Tambuwal sai dai sa'a. Tana buƙatar soket ɗin biyu su kasance kan layi ɗaya, kuma layin na da wuta. Gidanmu kuwa wutar Kaduna Electric ta bi nan, ta janareta ta bi can, sola da inbata sun ɗauki ɗakuna biyu kawai, sashen ƙane yana da mitarsa daban, wani ɗakin ma an ja masa wuta ne da siririyar waya ta kan katanga. Da zarar an juya makunnin canji, hanyar ta yanke. Sitabilaiza da wayar jona soket masu kariya suna tace siginar su kashe ta, injin niƙa da famfon borehol kuma suna cika layi da hayaniya. Mai sayen wannan na'ura a irin wannan gida, ya tabbata mai shago zai karɓi abinsa idan ta ƙi.

Ga wanda ke son kai sabis daga gida zuwa shago a bakin kasuwa, ko makarantar Islamiyya, ko gidan gona, akwai hanyar da ƙasar ta dace da ita ƙwarai. Kamfanoni irin su TP-Link da Ubiquiti suna ƙera rediyon waje da ake ɗaurawa a kan sanda, ɗaya nan ɗaya can, suna kallon juna. Suna iya haɗa wurare masu tazarar kilomita, sharaɗin kawai kada gini ko itace ya shiga tsakani. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gajerun gine-gine na kudancin Sakkwato sun sauƙaƙa wannan fiye da Legas ko Abuja. A tuna dai, raba wa iyali daban, sayar wa jama'a daban. Na biyun sana'a ce da ke buƙatar lasisin NCC. Haka kuma dogon ƙarfe a kan rufi yana son a yi masa waya zuwa ƙasa saboda tsawa.

Duk wannan magana tana tsaye ne a kan wuta. Rauta ba ta da ci: yawanci wat 10 ne ko ƙasa da haka, wato kwata ɗin yunit a yini da dare, kuma da yawansu da bolt 12 suke aiki, daidai da batirin sola. Ƙaramin faranti da batiri, ko 'yar ma'ajiyar wuta da ake sayarwa musamman don rauta, sun isa su riƙe ta. Abin da ake mantawa shi ne kowace na'ura da aka ƙara ita ma tana son nata. Rifitar da ke kan wutar NEPA alhali rauta na kan sola, rabin yini ado ce. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya warware wa masu hali matsalar nisan ƙarfen sabis, amma cin wutarsa ya ninka na rauta sau da yawa, kuma waifan da ke fitowa daga cikinsa shi ma a bango yake tsayawa kamar na kowa.

Ga kuma zafi. Yawancin rautocin gida an yi su ne don yanayin da bai wuce digiri 40 ba, Sakkwato kuwa kan haura hakan a Afrilu, balle ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Rautar da ke tsinkewa da azahar ta dawo da magariba ba aljanu ne suka taɓa ta ba. Tana son inuwa, da iska, da a kakkaɓe mata ƙurar hunturu.

Idan sabis ya game gida, sai wata rigima ta taso: data ta ƙare ranar goma ga wata. Dalili biyu ne. Waya idan ta ga waifai sai ta ɗauka kyauta ne, ta shiga sabunta manhajoji da sauke kowane bidiyo da aka turo a zaurukan WhatsApp. A cikin saitin kowace waya akwai inda ake gaya mata cewa wannan waifai na awo ne. Minti biyu ne, kuma shi ya fi komai ceton kuɗi. Dalili na biyu, kalmar sirri ba ta zama sirri a gida mai samari, tunda wayoyin yanzu suna nuna ta a hoton lamba da aboki zai ɗauka cikin ƙiftawar ido. A buɗe wa baƙi layinsu daban mai iyaka, a canza kalmar da ta zo rubuce a bayan rauta, a riƙa leƙa jerin wayoyin da ke kai. Rautar da aka dawo da ita tsakar gida ma ta rage abin da ke tsallaka katanga zuwa titi.

Gaskiyar da masu sayar da na'ura ba sa so a faɗa ita ce, wani lokaci waya ɗaya ta fi su duka. Wayar intanet tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, ba ruwanta da bango ko damina, kuma wasu na'urorin ta cikinta suke shan wuta, wanda ke kashe matsalar soket a can ƙurya. Mutane na gudunta saboda fasa bango, ɓera, da rana mai cinye roba. Duk gaskiya ne. Amma mai sabon gini a yau, da ke kashe miliyoyi a bulo da kwano, ba shi da uzurin ƙin binne bututun roba guda daga falo zuwa cikin gida kafin a yi daɓe. Magina da masu haɗa wuta na yankin ya kamata su mayar da wannan tambaya ta yau da kullum, kamar yadda suke tambayar inda za a sa fanka.

Hukuma ma da nata. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, wa'adi ya cika ba a kai ba, kuma gwamnatin tarayya na maganar shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar gilashi. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta ba Najeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi gwamna shekara takwas bayan haka. Ba yanki ne da ba a san hanyarsa a Abuja ba. Wakilansa na yau su tambayi asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, ƙauyuka nawa na Kebbe ke cikin lissafinsa. Ƙananan hukumomin biyu kuma su ɗauki nauyin koya wa matasa masu gyaran waya da haɗa sola wannan aiki, don ilimin mako biyu ne, kuma kowane babban gida abokin ciniki ne.

Kafin wannan ya samu, maigida na da abin yi a hannunsa. Ya cire rautar daga zaure, ya ɗaga ta a inuwa tana kallon tsakar gida, ya jona ta da batiri, sannan ya aika a tambayi matan gida ko ta iso ɗakunansu. Sai sun ce ba ta iso ba zai nufi kasuwa.